Hanyar Tafki

Tun da hoton nan ya fita wayata ba ta huta ba. Wasunku sun turo mini shi da ɗan zanen zuciya, wasu suna tsokanata wai "Nuriyya, ashe haka kika iya tsayuwa?" Na gode muku. Amma yau ku bari in gaya muku yadda aka yi aka ɗauke shi, don ni tun ranar da na gan shi abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Ga waɗanda ba su gani ba: ni ce tsaye a bakin wani tafki a hanyar Korgom, cikin shuɗiyar atamfa da farin mayafi, na ba da baya, na ɗan karkata fuska. Ruwa ya kwanta luf, gero ya yi kore shar har iyakar gani, ga wani gawo mai rassa biyu da ya zubar da ganye kamar yadda gawo ke yi da damina, balbelu sun yi masa fari fat. A ƙasa an rubuta, "La paix du village." Wai zaman lafiyar ƙauye ke nan.

An yanke hoton daga gwiwata. Da an sauko ƙasa kaɗan da kun ga laka har ƙauri, da ƙarangiya da ta cika bakin zanena, da ƙafata ɗaya babu takalmi. Da mai ɗauka ya juya baya da kun ga mota ta nutse har ciki, da kakata zaune a kan tayar safaya tana jan carbi hawaye na bin kumatunta. Kuma ni ba tafkin nake kallo ba. Hanya nake leƙe, ko Allah zai kawo amalanke.

Wanda ya ɗauka shi ne Muzammil, mai nemana da aure. A Maradi yake aiki, a ofishin wani furoje na raya karkara, yana da farar mota mai tudu da shafin da yake zuba hotunan tafiye-tafiyensa: yau yana kan tudun rairayi, gobe yana shan shayi a gindin dutse. A gidanmu nan Tasawa ba a faɗin laifinsa. Mama in ta ji ƙarar motarsa har turare take ƙarawa a kasko. Baba ne kawai ya ce a dakata sai an yi girbi, a ji ta bakina. Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Yana da fara'a, yana da ladabi, kuma in ya kalle ki sai ki ji kamar ke kaɗai aka halitta.

Wadda ta fi kowa sonsa ita ce Iya Hindu, mahaifiyar Baba, da ke zaune tare da mu. Irin wasan kaka da jika, "angona" take ce masa. In ya zo sai ta ce mini, "Tashi ki ba mu wuri, ke kam ɗiyar aike ce."

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa. Da hantsi aka kira daga Korgom cewa jikin Malam Jibo ya yi tsanani. Ƙanen Iya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage mata. Mai kiran ya ce ba ya cewa komai sai sunanta. Baba yana Kano wajen sarin kaya. Muna cikin shawarar ko a nemo kabu-kabu, ga tsohuwa ba ta iya zaman babur, sai ga Muzammil ya yi sallama, ya zo gaisuwar ƙarshen mako.

Ya ce, "Haba Mama, ina nan a nemi kabu-kabu? Iya ta shirya mu tahi yanzu."

Mama ta dinga sa masa albarka. Ta ce in raka Iya, ita za ta biyo baya in Baba ya dawo. Na shiga ɗaki ina neman abin da zan zura, sai wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne, daga tsakar gidanmu:

"Ki sa shuɗiyar nan ta ranar Juma'a."

Na yi murmushi. Wallahi murmushi na yi. Na ce a raina, mutumin nan ko a cikin tashin hankali yana lura da ni. Na ciro ta daga ƙasan akwati na saka, har da ɗan kwalli.

Muka bar gari, muka sauka daga kwalta, muka kama hanyar yashi. Iya tana baya da ƙullin kayanta a cinya. Da muka kai wani wuri da hanya ta rabu biyu, sai ya karya hagu. Iya ta ɗago.

"Angona, ba nan muke bi ba."

"Iya, waya ta nuna mani wagga ta hi kusa. Yanke za mu yi."

"Ka taɓa bin ta?"

"Ban taɓa ba, amma taswira ba ta ƙarya. Ki kwantar da hankalinki."

Ta koma ta jingina. Ni ma na mayar da idona kan hanya. Wace ce ni da zan koya wa mai yawon duniya hanya?

Ba mu yi nisa ba ƙasa ta fara canza launi, yashi ya koma baƙar laka. Da tafkin ya bayyana sai ya rage gudu, yana kallonsa ta taga. Daga nan mota ta yi wani gurnani, ta zauna. Ya taka, ta ƙara nutsewa. Ya koma baya, laka ta watsu har kan gilashi. Babu rezon waya ko ɗigo, balle a kira Korgom a ce muna tafe.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: ya sha wahala. Ya naɗe wando, ya shiga laka da hannu yana tona, ya karyo rassa yana cusawa ƙarƙashin taya. Ni ma na shiga turi, nan takalmina ya tafi bai dawo ba. Ƙudaje, zafi, warin ruɓaɓɓen ciyawa, ga ƙishirwa, don ko ruwan kirki ba mu ɗauko ba. Manoma suka fito daga gonaki suka taya mu, abin ya faskara, sai da aka aika can wani ƙauye a zo da shanun huɗa. A cikin masu zuwan akwai wani dattijo da ya kalli Muzammil ya washe baki.

"A'a, mai hoto. Bana ma?"

Muzammil ya yi dariya ya ce, "Baba, kama ce ka gani." Ya ja shi gefe da maganar igiya. Na ji, amma hankalina yana kan Iya, sai maganar ta wuce ni.

Kafin shanu su iso, rana ta karkata. A lokacin ne na taka zuwa bakin tafki ina leƙen hanya. Ban ji ƙarar ɗaukar hoto ba, ban ma san ya buɗe jakar kyamara ba.

Mun shiga Korgom bayan la'asar. Tun daga bakin gari muka haɗu da maza suna dawowa a jere, wasu da magirbi a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Iya ta gane ɗan Malam Jibo a gabansu. Ba ta yi kuka mai ƙara ba. Cewa kawai ta yi, "Tsaya in sauka," ta sauka ta zauna a ƙasa a tsakiyar hanya. An ce ya cika wajen azahar, an yi ta kiran wayoyinmu ba sa shiga, ga hadari ya sake haɗowa, aka kai shi. Ko fuskarsa ba ta gani ba.

Muzammil ya yi kuka ranar, da idona na gani. Ya zauna aka yi zaman makoki da shi, ya yi jigilar masu gaisuwa, ya ɗebo ruwa da motarsa. Duk wanda ya zo sai Iya ta nuna shi ta ce, "Yaron ga da hannunshi ya tona laka saboda ni." Da muka dawo Tasawa ta kira Baba ɗakinta ta ce ba ta ga dalilin jiran girbi ba, mutuwa ba ta jira, a ba shi dama ya turo manyansa tana da rai. Baba bai iya musa wa Iya. Ya ce to, in Nuriyya ta amsa.

Mama ta tasa ni a gaba tun daga ranar. In ina wanke-wanke ta tsaya a kaina.

"Mi kike jira? Wanda ya yi maki wanga tun ba a ɗaura ba?"

"Mama, ba a yi arba'in ba tukuna."

"Wa ya ce biki za a yi? Amsa kawai za ki yi. Kada ki ba mu kunya, Nuriyya."

Na kusa amsawa. Saura ƙiris. Sai ga hoton ya fita.

Ina zaune a kan tabarma ina tsince shinkafa na gan shi. Da farko kyansa ne ya kama ni, don ban taɓa ganin kaina haka ba. Daga baya sai na tuna lokacin da aka ɗauke shi. Wato a lokacin da Iya take kuka a bayansa, shi haske yake aunawa? Na nuna wa Mama, ina tsammanin ranta zai ɓaci. Ta karɓa ta kai kusa da ido ta ce, "Masha Allah, kamar a talabijin. Tura mani in sa a sitati."

Ni kuwa shuɗiyar atamfar nan ta dawo mini a rai. Mutumin da zai kai tsohuwa wajen ƙanenta da ke gargara, me ya haɗa shi da launin zanen da zan ɗaura? Sai kuma muryar dattijon nan: bana ma?

Na ajiye faifan shinkafa na shiga ɗaki. Na buɗe shafinsa na dinga gangarawa. Na wuce sanyi, na wuce kaka, na wuce hotunan raƙuma da na kasuwanni, yatsana har ya gaji. Ina addu'a a raina kada in samu abin da nake nema. Da na kai damanar bara, sai ga shi. Tafkin nan ne, da gawon nan mai rassa biyu, sai dai babu mutum a ciki. A ƙasa wani abokinsa ya tambaye shi yadda hanyar take. Ga amsar da ya ba shi, da hannunsa:

"Kada ka kuskura in an yi ruwa. Shanu ne suka hidda ni. Amma zan koma, hoton ga mutum yake so a ciki."

Na karanta, na sake karantawa. Na ɗauki hoton allon na adana. Sannan na rubuta masa:

"Kana Tasawa?"

"Eh gimbiya. Kin ga yadda kika tada hankalin Facebook?"

"Ka zo bayan la'asar. Magana gare ni."

"Lahiya dai?"

Ya turo zuciya, ya turo fure, na kife wayar.

Ya zo cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Ni ko hoda ban shafa ba, hijabin sallata na zura. Na shimfiɗa masa tabarma, na ajiye ruwa, na zauna nesa da inda na saba.

Na ce, "Muzammil, hanyar da muka bi ran nan, ka ce ba ka taɓa bin ta ba."

"Haka ne."

"Ka tabbata?"

Ya kalle ni, ya yi ƴar dariya. "Yau kuma enquête ake yi, kamar gaban ƴan sanda?"

Na miƙa masa wayata. Na zuba masa ido, don fuskarsa nake son karantawa, ba bakinsa ba. Murmushin ya daɗe bai sauka ba, kamar ya manta da shi a wurin. Ya gyara hula. Ya sha ruwa.

"Tafkuna suna kama da juna, Nuriyya."

"Da amsar da ka ba abokinka? Ita ma kama ce?"

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Bara mota ƙarama gare ni. Na ɗauka wagga za ta wuce."

"To ka san hanyar."

"Écoute, saurare ni, ba yadda kike tunani ba ne. Tsayawa kaɗan na so mu yi, ki hito in ɗauka mu wuce. An yi ruwa, sama ta wanke, ga ki tare da ni, yaushe zan sake samun haka? Baba ba ya barin ki hita da ni. Kuma ai hanyar tana kaiwa Korgom, ban yi ƙarya ba."

"An ce maka mutum yana kiran sunanta."

"Tsohi kullum jikinsu yana tashi yana kwantawa. Wa ya san ranar ce? Kwananshi ne ya ƙare. Ko da jirgi muka tahi, in Allah bai nuhe su da ganawa ba, ba za su gana ba."

Na ce, "Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma sitiyari a hannunka yake."

Abin da ya fi ci mini rai, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Mutum na gani wanda ya yi kuka da gaske a Korgom, kuma ya dawo ya zauna ya gyara launin hoton da gaske, bai ga inda ɗaya ya ci karo da ɗaya ba. Na tambaye shi yadda aka yi ya iya saka shi bayan duk abin da ya faru. Ya ce wai ya yi ta jinkiri, amma hoton ya yi kyau da yawa, barinsa a waya asara ce.

Ya ciro tasa wayar yana latsawa. Na leƙa, sai na ga hoton bara yake gogewa.

Na ce, "Kada ka wahal da kanka, na adana."

Nan ne idonsa ya canza. Ya matso har gefen tabarma.

"Don girman Allah kada ki hwaɗa ma Iya. Ba don ni ba. Tsohuwa ce, tana cikin ciwo, wanga zai ƙarasa ta. Ki bar shi tsakaninmu. Zan goge naki ma, zan ruhe shahin gaba ɗaya in kina so. Mi hwaɗin zai gyara? Zai dawo da Malam?"

Ku yi mini adalci, maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. In na yi shiru, Iya za ta ci gaba da sa masa albarka, Mama ta yi bikinta, ni in auri wanda nake so. Sai dai duk ranar da ya karya kan mota zan tambayi kaina ina za shi da ni, kuma don me.

Muna haka Mama ta leƙo ta ce Iya tana kirana. Na ce masa ya jira.

Na same ta zaune a bakin gado, ta buɗe tsohuwar adakarta. Ta rame sosai tun rasuwar, wuyanta duk ya fito. Ta ciro wani zanen saƙi baƙi mai ratsin fari, wanda tun ina yarinya nake jin labarinsa ba a bari in taɓa, ta ɗora mini a cinya.

"Na aurena ne. Jibo ya kai ni ɗaki da shi a kaina, yana yaro yana riƙe da bakinshi. Ke za ki shiga da shi."

"Iya..."

"Bari in gama. Ina so in ga abin alheri ɗaya kahin in bi shi, ko zuciyata ta sake ni." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Ban hwaɗa ma kowa ba, ke kaɗai. Ran nan da aka kira, kina ɗaki kina shiri, ni na tsaya neman ƴar ƙwaryar zumar da na aje mashi. Na duba nan, na duba can, yaron mutane yana waje yana jira. Da na hita tun da aka kira, da wataƙila mun wuce wurin nan kahin laka ta jiƙa sosai. Kullum in na kwanta sai in ji yana kirana, ni kuwa ina neman zuma. Ni na makara, Nuriyya. Ni na hana kaina ganin ɗan uwana."

Ashe ramar nan ba ta rashi kaɗai ba ce. Tsohuwar nan ta ɗauki kayan wani ta ɗora wa kanta, tana kwana da shi tana tashi da shi, wanda ya ɗaure kayan kuma yana zaurenmu cikin farar shadda yana roƙon in rufa masa asiri don lafiyarta.

Na ce, "Iya, ba ke ba ce."

"Kada ki lallashe ni."

"Wallahi ba ke ba ce. Tun dare lakar nan take jiƙe. Ko da asuba muka hita, in dai can aka bi, sai mun kahe."

Ta dube ni. "To ai bai sani ba. Baƙo ne a hanyar."

Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zo ba. Ban san me ta ji daga zaure ba, amma ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali. Na kalli zanen da ke cinyata, na ɗauke shi na mayar kan gado. Sannan na buɗe hoton bara na sa wa Iya wayar a hannu.

Ta kai ta kusa da fuska, ta nisanta, ta sake matsowa da ita. Iya ba ta karatun boko, amma ta yi wuni guda tana kallon itacen nan.

"Wanga ai gawon da muka zauna ne. Ina motar? Ina mu?"

"Ba ranar ba ce, Iya. Bara ya ɗauke shi. Bara ma a nan ya kahe, shanu suka jawo shi."

Mama ta ce, "Nuriyya," da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Iya ba ta kalle ta ba. Ta daɗe tana duban wayar har hasken ya mutu a hannunta. Ta ajiye ta a kan zanen saƙin, ta rufe adaka, ta dafa gwiwa.

"Yana zaure har yanzu?"

Na ce yana nan.

Ta ce, "Miƙo mani mayahina."